Su Wa Ke Zaune A Nasarawa G.R.A.?

Tun ran da na shigo makarantar nan aka tambaye ni unguwarmu na ce Nasarawa G.R.A., sai sunana na yanka ya ɓace, aka koma kirana ɗan G.R.A. In an tashi karo-karon sayen ƙwallo, ni ake fara miƙa wa hannu. In na ce ba ni da shi, sai a ce rowa ce irin ta 'ya'yan masu kuɗi. Na daɗe ina haɗiye abin, amma da malaminmu na Hausa ya ce kowa ya kawo rubutu don mujallar bana, sai na ga dama ta samu da zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda unguwar nan take, da irin gidajenta, da mutanen da ke kwana a cikinta. Gaskiya ne a can aka haife ni, a can kuma aka haifi mahaifina. Amma mu a bayan gida muke, a ɗakunan nan da ake kira boskwata. Mahaifina direba ne, kakana kuwa, Allah ya jiƙansa, kuku ne. To, tun da an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ina fata za a saurare ni.

Kafin zuwan Turawa, Nasarawa gandun Sarkin Kano ce, tana gabas da birni, a bayan ganuwa, ana fita zuwa gare ta ta Ƙofar Nasarawa. Har yanzu akwai gidan sarki a can, inda aka binne waɗansu daga cikin sarakunan Kano, ciki har da Sarki Ado Bayero da ya rasu a 2014. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ba su zauna cikin birni ba. Sai suka kafa barikinsu a waje, a Nasarawa da Bompai. A Nasarawan ne Baturen nan Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Gidansa yana nan tsaye, an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi. Duk wanda ya shiga zai ga ginin ƙasa ne irin namu, da azara da zanko da zane a jikin bango, domin a lokacin magina Hausawa ne ke yi wa Turawa gini.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai baƙi suka yi ta kwararowa. A nan ne Turawa suka raba gari kashi-kashi, kowa da inda aka ajiye shi. Kanawa suna birni. Mutanen Kudu aka yanka musu Sabon Gari a 1913. Kwarori suka kafa kantuna da gidaje a wajen da muke kira Kantin Kwari. Turawa kuwa suka keɓe wa kansu wuri, aka kuma ƙarfafa wannan tsari da dokar garuruwa ta Gwamna Lugard ta 1917. Da fari unguwar Turawa ake ce da irin wannan wuri. Daga baya ne aka canza suna zuwa G.R.A., watau unguwar da gwamnati ta keɓe.

Dokar ta ce lalle a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, ba gini ko ɗaya a cikinsa. Babban dalilin da suka bayar shi ne sauro. A 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sai Turawa suka ɗauka in sun nisanta da mu, sauron da ya ciji 'ya'yanmu ba zai kai gare su ba. Suka ƙara da tsoron gobara daga ɗakunan ciyawa, da ƙarar kiɗa da dare. Ba a yarda baƙar fata ya kwana a unguwar ba sai in bara ne. Abin dariya a nan shi ne, an bar yadi 440 don gudun baƙar fata, alhali kuwa ga kuku da boyi suna kwance a bayan gida, sauro kuma bai san doka ba. Irin wannan fili da aka hana gini shi aka riƙa mayarwa wurin sukuwa da folo da ƙwallon golf, shi ya sa har gobe za ka ga irin waɗannan filaye a jikin unguwannin G.R.A.

Yanzu bari in zo kan gidajen. Bisa tsarin Lugard, kowane gida ana yanka masa fili mai tsawon yadi 100, faɗi kuma daga yadi 70 zuwa 100. Wannan ya yi kusan girman filin ƙwallon ƙafa. In ka ɗauki mafi ƙanƙanta, mai yadi 100 da 70, ka auna shi da fuloti mai ƙafa 50 da 50 irin wanda talaka ke saye a awon igiya, za ka fitar da fuloti 25. Ashe wurin da aka ba Bature ɗaya zai ɗauki magidanta 25 da iyalansu.

Gidan da muke ciki yana daga cikin na zamanin nan, ko da yake an yi masa ƙari. Ainihin ginin yana tsakiyar fili, an ɗaga shi daga ƙasa, sai ka hau matakala uku. Akwai baranda mai faɗi don kare rana, tagogi manya masu ragar sauro, silin mai tsawo ƙwarai don zafi ya tashi sama. A falo akwai murhun jin ɗumi mai bututun hayaƙi, saboda sanyin hunturu. Kicin ba a cikin gida yake ba, yana gefe, an haɗa shi da gidan da 'yar rumfa. Can baya, wajen yadi 50, ga boskwata: ɗakuna huɗu a jere, da banɗaki ɗaya, da wurin da a da barga ce. Bayan boskwata akwai wani siririn lungu. Kakana ya ce ta nan masu kwashe bokitin bayan gida ke bi da dare, don kada maigida ya gan su. A lokacin ba katanga, shingen shuka ne kawai, sai itatuwan darbejiya da mangwaro da maɗaci.

Duk wanda ya san gidan Bahaushe na cikin birni zai ga bambancin. Namu gida ciki yake kallo: zaure a gaba, sa'an nan shigifa, sa'an nan tsakar gida inda mata ke harkokinsu ba mai ganinsu, ɗakuna kuma sun kewaye. Gidan Bature waje yake kallo, yana zaune tsakiyar fili, iska na shiga ta ko'ina. Saboda haka da gidajen suka dawo hannun mutanenmu, abin da suka fara yi shi ne kewaye su da katanga, a fitar da falon baƙi maza ya tsaya a matsayin zaure, a ƙara sashen mata, a gina ɗan masallaci a bakin ƙofa. Abu ɗaya ne ba a taɓa ba, shi ne boskwata. Tana nan a baya inda Bature ya ajiye ta.

Mutanen unguwar kuwa, zan iya kasa su zubi uku. Zubin farko Turawa ne: Razdan, da Di'o-Di'o, da likitoci, da injiniyoyi, da manajojin kamfanoni. Galibinsu maza ne majiya ƙarfi. Waɗansu na da mata, amma 'ya'ya da sun isa makaranta sai a tura su Ingila. Ba tsofaffi, domin da mutum ya gama aiki sai ya koma ƙasarsu. Kakana ya shiga aiki a matsayin ƙaramin boyi a 1954, ya ce a gidan Baturensa su shida ne ke hidima: kuku, babban boyi, shi kansa, gadina, mai kula da doki, da maigadi. Bature da matarsa su biyu. Ka ga ke nan tun a zamanin da ake kiranta unguwar Turawa, a wannan gida baƙar fata sun ninka masu gidan sau uku.

Zubi na biyu ya zo da mulkin kai. Arewa ta sami nata a 1959, Nijeriya kuma a 1960, sai manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka riƙa shiga gidajen da Turawa suka bari. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamna, sai aka sami kwamishinoni da manyan sakatarori da alƙalai masu bukatar gidaje, Gidan Gwamnati kuma yana cikin unguwar. A 1968 ne Alhaji, maigidanmu, ya shigo wannan gida. Ya tarar da kakana a kicin, ya ce ya ci gaba da aikinsa. Kakana yakan yi dariya ya ce shi da murhu aka gada tare. Daga wannan lokaci kamannin unguwar suka sauya. Gidan da aka gina don mutum biyu ya koma ɗaukar maigida da mata da 'ya'ya da ƙanne da 'yan riƙo, kukan jarirai ya maye gurbin haushin karnuka.

Zubi na uku na masu kuɗi ne. Da arzikin man fetur ya zo a shekarun 1970, attajirai da 'yan kwangila suka fara fitowa daga birni suna neman wuri mai faɗi da mota za ta shiga har ƙofa. Kwarori da Indiyawa masu masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Chalawa su ma da yawa a nan suke zama. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, galibi ta shekara 99. Fili mai irin wannan takarda banki na karɓarsa jingina, wannan kuwa ya ƙara wa filayen unguwar daraja. Daga 2003 kuma gwamnatin tarayya ta kawo tsarin ba ma'aikaci kuɗin haya a cikin albashinsa maimakon gida, aka shiga sayar da gidajen gwamnati. Da haka unguwar da a da muƙami ke shigar da mutum ta koma wadda kuɗi ke shigarwa.

To, yau su wa ke ciki? Da farko kada a ruɗe da sunan. Ƙaramar Hukumar Nasarawa ita ta fi kowace yawan jama'a a Jihar Kano a ƙidayar 2006, da mutum kusan 600,000. Amma wannan taro yana Gama da Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata da Kawaji da Giginyu da Hotoro, inda gida ke manne da gida. Cikin G.R.A. kuwa sai ka yi tafiya mai nisa a kan titi da rana ba ka gamu da yaro ɗaya yana wasa ba.

Bari in ƙirga muku na gidanmu, tun da su na sani. A babban gida, wanda yanzu ke da ɗakunan kwana shida, akwai Hajiya, da autanta, da matarsa, da 'ya'yansu biyu. Mutum biyar ke nan. A boskwata mu takwas ne a ɗaki biyu: mahaifina, mahaifiyata, da mu shida. A ɗaki na uku akwai mai wanki da guga, da matarsa, da 'ya'ya biyu. A na huɗu akwai samari biyu, dangin Alhaji daga ƙauye, suna karatu a gari. A bakin ƙofa kuma ga maigadi, Buzu ne daga Nijar, wanda iyayensa suka zo Kano a lokacin farin 1973. In ka haɗa, mu goma sha biyar ne. Sau uku muka ninka mutanen gaba, daidai da lissafin kakana na shekara 70 da suka wuce. Ban ce haka kowane gida yake ba, amma ku tambayi duk wanda ya san unguwar. Akwai ma gidajen da masu su suna Abuja ko ƙasar waje, ba kowa ciki shekara da shekaru sai maigadi da iyalinsa.

Har ila yau akwai bambancin shekaru. A manyan gidaje tsofaffi sun yi yawa, domin 'ya'yan sun girma sun watse. Yara da matasa a baya suke. Mutanen gaba sukan yi wata ba su ga maƙwabcinsu ba sai a masallaci ko wajen jana'iza, kowa daga mota sai cikin katanga. Mu na baya kuwa mun san juna kaf. Iyayenmu mata suna adashi tare, in an yi haihuwa a wata boskwata kowa zai je suna, in wuta ta mutu a murhun wata sai ta aika maƙwabta. Zaman unguwa irin na cikin birni yana nan a G.R.A., sai dai a bayan gida yake.

Akwai kuma mutanen rana. Da sassafe za ka ga jama'a suna shigowa a ƙafa da keke da adaidaita sahu daga Giginyu da Badawa da Hotoro: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masinjoji, magina, masu shayi, masu sayar da abinci. Da magariba su fice. Yawansu yana ƙaruwa domin gidaje da dama sun daina zama gidaje, sun koma makarantun kuɗi, da asibitoci, da ofisoshi, da otal-otal, da wuraren biki, musamman a kan manyan tituna.

Me ya kawo haka? Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko, yanzu ƙasar ta fi ginin da ke kanta tsada nesa ba kusa ba. Mai saye ba tsohon gida yake so ba, fili yake so. Da ya biya sai a rushe, a sare itatuwa, a jera benaye shida ko takwas a inda gida ɗaya yake, a sayar ko a ba da haya. Dalili na biyu shi ne gado. Mutanen da suka shigo a shekarun 1960 da 1970 suna ta rasuwa, kowanne ya bar magada da yawa. Gida ɗaya ba ya rabuwa ga mutum ashirin, sai an mai da shi kuɗi. Dalili na uku, riƙon irin wannan gida da wuya: ga injin wuta, ga rijiyar burtsatse, ga albashin ma'aikata, ga rufin da ke yoyo duk damina.

Abin da ke biyo baya kowa na gani. Inda aka sare itatuwa aka malale ƙasa da siminti, zafi ya ƙaru, ruwan sama kuma ba ya samun wurin nutsewa sai ya kwanta a titi. Sa'an nan sababbin gidajen ba su da boskwata irin ta da. Ɗaki ɗaya ake yi a bakin ƙofa, na gwauro, ba na mai iyali ba. Direba da kuku sai su nemi haya a bayan gari, su riƙa kashe wani kaso na albashinsu a kuɗin mota.

Wannan magana ta iso ƙofarmu. Alhaji ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata biyu da 'ya'ya 17. Matan za su raba tumuni, saura na 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, kamar yadda shari'a ta tsara. Dillalai sun fara zuwa da tef suna awo. Ran nan Hajiya ta kira mahaifina ta ce, "Malam, ka ga abin da ake ciki. Ba korarku za a yi ba, amma ka fara neman wuri tun da sauran lokaci." Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Hajiya, ba mu ga komai a gidan nan ba sai alheri." Da dare na ce masa, "Baba, shekara 70 muna gidan nan, ba mu da ko taku ɗaya a ciki?" Ya ce, "Kai yaro, aiki muka yi aka biya mu. Gado na masu gado ne. Kai dai ka riƙe karatunka." Na san gaskiya ya faɗa, ban kuma ga laifin magada ba, haƙƙinsu ne da Allah ya ba su. Amma mangwaron da kakana ya dasa a bayan kicin, wanda mutum biyu ba sa iya rungume shi, na san ba zai kai baɗi ba.

Saboda haka ina da roƙo guda uku. Ga hukuma, ya kamata a zaɓi kaɗan daga cikin tsofaffin gidajen nan a adana su kamar yadda aka adana Gidan Ɗan Hausa, har da boskwatarsu, don na baya su ga yadda aka zauna, a kuma sa duk wanda ya sare itace ya dasa wani. Ga iyayenmu masu hali, in za a sayar da gida a tuna da waɗanda suka tsufa a bayansa, ko da da kuɗin fuloti ne a awon igiya. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, in mutum ya ce muku daga G.R.A. yake, ku tambaye shi gaba ko baya kafin ku miƙa masa hannu. Ni dai kuna iya ci gaba da kirana ɗan G.R.A. har zuwa ƙarshen zangon nan, tun da ban san sunan unguwar da zan dawo da shi bayan hutu ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya rufa wa iyayenmu asiri, ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.